Laraba, Ranar Rini

Dogon hutun yara ya yi nisa, zafin bazara kuma bai sassauta ba, saboda haka na tashi tun gari bai gama wayewa ba domin in duba tukunyar baba, wato ganyen da ake rinin shuɗi da shi, kafin gidan ya cika da hayaniya. Da na ɗaga murfin sai na tarar da abin da nake jira: kumfa mai shuɗi ta taru a tsakiya, saman ruwan ya yi wani sheƙi kamar na tagulla, ruwan da ke ƙasa kuwa ya koma kore mai ratsin rawaya. Wannan ita ce alamar tukunya ta nuna. Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai, sai ƙwayoyin halittar da ke cin dusar da na zuba sun shanye iskar da ke cikin ruwan tokar, sannan ya sake kama ya narke har ya iya shiga zare. Su kuwa waɗannan ƙwayoyi ɗumi suke so, shi ya sa zafin da kowa ke kuka da shi a gidan nan ya zama alheri ga aikina.

Saƙar bargon da na ɗora a kan masaƙa tun kafin a rufe makaranta tana nan inda na bar ta, kuma ban yi niyyar taɓa ta yau ba. Saƙa mai zane tana buƙatar ƙirga, ƙirga kuwa ba ta yiwuwa ga uwar da ake kira kafin ta jefa ƙoshiya ta dawo. Rini da baba ya fi dacewa da irin wannan lokaci, domin aiki ne na gutsure-gutsure. Ana tsoma zaren na 'yan mintoci, a fito da shi, a shanya shi ya sha iska, a tafi wata sabga, sannan a dawo a sake tsomawa. Duhun launi ba ya samuwa da daɗewar zare a cikin tukunya, sai dai da yawan maimaitawa, kuma wanda ya yi gaggawa zai ga shuninsa ya tsaya a bayan zare yana goge wa mutane hannu da tufafi.

Da hantsi yaran suka fito. Autana, wanda bai taɓa ganin yadda ake yi ba, ya tsaya kusa da ni yana toshe hanci saboda warin tukunyar, ya ce, "Mama, ai kin ce shuɗi za ki yi, ga shi kore ya fito." Na ce masa ya yi haƙuri ya zuba ido. Na matse ƙullin zaren audugar a ƙarƙashin ruwa don kada ɗigo ya mayar da iska cikin tukunyar, na warware shi a gabansa, sai koren ya fara rikiɗa daga gefe, zare bayan zare, ya ratsa ta launin ruwan teku, har ya tsaya a kan shuɗi. Bai ce komai ba, ya ruga cikin gida ya dawo da farar safarsa guda ɗaya. Na bar shi ya tsoma, kuma yanzu haka farcensa duka shuɗi ne, wanda wanki ɗaya ba zai fitar ba.

Babbar 'yata, wadda ta kai shekarun da komai sai an kawo mata hujja, ta tambaye ni dalilin da ya sa nake wahalar da kaina da tukunya mai wari alhali ana sayar da rini a kwali. Tambayar tana kan hanya. Tun shekarar 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bisa binciken da masanin sinadarai Adolf von Baeyer ya yi, kuma da shi ake rina kusan duk wandon jins da ke jikin mutane a yau. Sinadarin da ke ba da launin ɗaya ne da na ganyen baba, don haka ba na cikin masu da'awar cewa na ganye ya fi na kamfani shuɗi. Abin da na faɗa mata shi ne, ina son aikin da zan san kowane mataki nasa da hannuna, tun daga kaɗi har zuwa ƙullin ƙarshe. Ba ta gamsu ba, amma ta zauna ta taya ni naɗe zare a kwarkwaro har azahar.

Da rana ta take, na koma inuwa da ulun da na kaɗa da mazari a makon jiya. Ulu ba ya jure abin da auduga ke jurewa: ruwan toka mai ƙarfi yana sa shi kaushi, idan kuma aka cuɗa shi ko aka fitar da shi daga ruwan zafi zuwa na sanyi farat ɗaya, sai gashin ya cuɗe ya dunƙule, ba ya sake warwaruwa. Saboda haka na jiƙa shi da alif, na ɗumama shi a hankali cikin ruwan ɓawon albasa har ya yi rawaya mai kyau, na bar shi ya huce a cikin tukunyar. Rabinsa zan tsoma cikin baba tsoma ɗaya mai gajarta, domin shuɗi a kan rawaya shi ke ba da koren da nake so a bakin bargon.

Da yamma maigida ya dawo ya tarar da igiyar shanya cike da zare, babu wurin da zai rataya tawul ɗin yaran da suka yi wasan ruwa. Ya dubi hannun auta, ya dube ni, ya ce gobe zai fita da su tun da safe. Idan hakan ta tabbata, zan zuba wa tukunyar ɗan dusa in bar ta ta huta, ni kuma in zauna a gaban masaƙa in ƙarasa zanen tsakiya, wanda shi ne mafi wahalar ƙirga a bargon gaba ɗaya.