Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Abin da Ungozoma Ta Gaya Min

A makon jiya na tsaya ne a inda na haifi 'yata ta fari bayan doguwar naƙuda.

Ungozomar asibitin da ta ɗinke ni ita ce ta fara sanar da ni abin da ban sani ba a jikina. Ta ce, "Baiwar Allah, an yi miki kaciya kina jaririya. Tabon ne ya ƙi buɗewa, shi ya sa kika ƙaru haka." Sai a lokacin na gane dalilin azabar da nake sha tun farkon aurena, wadda na ɗauka kowace mace haka take ji.

Da ta gama aikinta ta dawo ta zauna bakin gadona. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa kaciyar mata gida 4, cire angurya da yankan gishiri suna cikin na huɗun, kuma babu wanda yake da amfani ga lafiya ko na ƙwayar zarra. Jaririya jininta kaɗan ne, zubar da babba zai jure ita tana iya kai ta lahira. Askar da ba a dafa ba tana shigar da cuta, in kuma ta taɓa mafitsara sai yoyon fitsari. Daga baya na ji UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a 2024 mata da 'yan mata fiye da miliyan 230 ne ke raye da wannan tabo.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki kula da kwanakin farko bayan kin koma gida. Lokacin ake yi, mai jego tana ɗaki ba ta da ƙarfin musu."

Haka kuwa aka yi. Wata safiya na ji sallamar wanzami a ƙofar gida, surukata ta shigo ta miƙo hannu. Ba muguwa ba ce, wallahi tana son jikar nan, ta yi imani gata za ta yi mata. Na ƙanƙame yarinyar jikina na rawa, na ce, "Inna, ki yi haƙuri, a jira babanta."

Na riga na gaya masa komai a asibiti, har abin da kunya ta hana ni faɗa shekara da shekaru. Ya shigo ya durƙusa ya ce, "Inna, wannan yankan ne ya kusa kashe uwarta. Ki yafe min, ba za a taɓa ta ba." Da ni kaɗai na faɗa, da an ce rashin kunyar matar ɗa ce.

Inna ta fita ba ta ce uffan ba. Ni kuwa ko wanka zan shiga sai na bar yarinyar a hannun ƙanwata, don na ji ana raɗe-raɗin za a kai ta gidan wata gwaggo. Yadda muka ƙare da gwaggon nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.