Lam ɗin baya ya karye da lodin albasa

Garin Tawa, da dare.

Sau biyu na wanke hannu da omo, har yanzu warin gazuwal bai fita ba. Bari in rubuta na yau kafin barci ya ci ƙarfina.

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya ni da yaron mota, za mu ɗauko albasa a wani ƙauye bayan Badagishiri. Har Badagishiri kwalta ce, daga nan sai burji mai gargada, irin wanda ke kwance kowane noti a jikin mota. Mai albasar buhu 14 ya tara. Na ce masa 10 zan ɗauka. Ya yi ta haɗa ni da Allah, rana na cin kayansa, babu wata motar da za ta shigo kafin mako. Na ɗauki 13. Buhun albasa irin namu yakan haura kilo 100, ita kuwa motata Hilux kayan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka. Na san haka sarai lokacin da nake ɗaure igiya.

A mashigar wata busasshiyar ƙorama na ji ƙas daga baya, motar ta kwanta gefen hagu. Da na leƙa ƙasa, babban lam, wato uwar ƙarafan nan da ke riƙe nauyin baya, ya rabu biyu kusa da ido, inda ake ɗaure shi da shasi. Muka sauke buhu 4 a gindin wani gawo, wani manomi da ke kusa ya ce zai sa musu ido. Muka ɗaga ta da jak, muka sara guntun icce muka cusa tsakanin shasi da aksil, muka naɗe karayar da robar tsohon tib har ta yi tam. A giya ta biyu muka rarrafo. La'asar sakaliya muka shigo gari, amma mun shigo da ƙafarmu, da buhu 9 a baya.

Wannan shi ne abin da nake so ga motar aiki, kuma shi na kasa fahimtar da ɗan yayata yau.

Ya same ni a garejin dattijon da ke yi mini gyara tun ina yaron mota. Ya zo da wata Hilux fara sol mai gida biyu, wato mai kujerun gaba da na baya, ta wani abokinsa da ke son sayarwa, giyarta mai canza kanta, ga sanyi, ga allo a gaba mai nuna maka bayanka. Ya ce, "Kawu, don Allah ka huta da wannan tsohuwar. Dubi yadda ka dawo." Na san tausayina yake ji, kuma har raina na ji daɗi. Na shiga na zauna. Kujerar ta karɓi bayana da ke ciwo tun safe, ba zan ɓoye ba, na so ta.

Sai na sauko na zaga baya da igiyar awo. Bodinta mita ɗaya da rabi ne da ɗan kai. Nawa, mai gida ɗaya, ya haura mita 2. Abin da aka ƙara wa kujerun baya daga wurin kaya aka yanke shi, ni kuwa wurin kayan nan ne gonata. Buhu nawa zan rasa a kowane sawu? Ragunan layya nawa? Ƙofar ƙarfe ko kwanon rufi, rabinsu a waje zai riƙa lilo.

Dattijon bai ce komai ba sai da ya gama kwance lam ɗin. Sannan ya buɗe gaban farar motar, ya daɗe yana kallo, ya ce da ɗan yayata, "Ɗana, wagga in ta ƙi tashi cikin daji, mi za ka yi mata?" Ya nuna masa bututun ƙarfen da mai ke taruwa a ciki kafin ya shiga injin. Irin waɗannan sababbin, in ji shi, da matsi mai tsananin ƙarfi suke fesa gazuwal ta ƙofofi sirara kamar gashi, kwamfuta ce ke ba su umarni. Ɗigon ruwa ko ƙura a cikin mai ya isa ya kashe su, kuma ba a gane ciwon sai an jona na'urar da suke kira baliz. Mu kuwa sau nawa muke shan mai daga jarka a ƙauye, an tace da ƙyalle?

Tawa injin 3L gare ta, lita 2.8, silinda huɗu, ba turbo. Famfon manta na ƙarfe ne zalla. In ta shaƙi iska, in sassauta noti in buga famfon hannu har kumfa ya ƙare, ta tashi. A hawa ba ta da gudu, manyan motoci ma wuce ni suke yi a hanyar Konni. Abin da take nema a gare ni kaɗan ne: baƙin mai a kan lokaci, in kaɗe matatar iska duk sati saboda ƙurar Adar, in wanke lagireto kafin zafin Afrilu, in canza bel ɗin injin duk kilomita 100,000.

Ina tsaye a wurin na tuna Fijo 404 ta mahaifinmu, a-kori-kura mai tamfol, wadda ta yi shekaru tana kai mutane da awaki kasuwannin Keita da Bouza. Abin da ya riƙe ta da ƴar'uwarta 504 a ƙasar nan shi ne kayan gyara. Tun da ana harhaɗa Fijo a Kaduna, duk abin da ya lalace gobe yana Konni. Yau Toyota ce ta gaji wannan gurbi. Lam ɗin da na karya, yaron gareji ya hau babur, kafin in gama sallar magariba ya dawo da na hannu mai kyau. Jika 25 na sefa har da kuɗin aiki. Da wata mota ce da ba kowa ke da irinta ba, da sai a yi waya Yamai a jira. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome, jiran ya ƙara tsawo, kuɗin ya ƙara nauyi.

Ba wai ba ni da buri ba. In Allah ya hore, Land Cruiser 79 nake so, mai injin 1HZ, lita 4.2, silinda shida, shi ma ba turbo. Ita ce ke shiga yashin Abalak da lodi ta fito. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfina yanzu, tana shan mai fiye da tawa, kuma a hanyoyin arewa irinta ce ɓarayin mota suka fi sa wa ido. Ko da aka rage litar gazuwal zuwa sefa 618 a 2024, mai ne ke cin kaso mafi girma na kowane sawu, dole in lissafa.

Ɗan yayata ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, ko kujerar ce a canza maka." Wannan kam na amsa. Dattijon ya ce akwai ta wata Hilux da ta yi hatsari, zai duba in ƙafafunta sun dace. Ya kuma ce in bari ya ƙara mini lam ɗaya a kowane gefe, amma da sharaɗin kada in mai da shi dalilin ƙara lodi, don birki da taya ba su san an ƙara komai ba. Na yi masa alkawarin buhu 10.

Uwargida ta aje mini tuwo da miyar kuka, na ci rabi. Gobe da asuba zan koma gindin gawon nan in ɗauko buhu 4 ɗin, in kai wa manomin goro da sukari. Na gaya wa yaron mota ya cika jarkar ruwa, ya kuma nemo wani tsohon tib ya yanka, wanda ke cikin motar ya ƙare yau.