Tsagar da ta jira kwana biyu

Ina shekara ta uku a wajen koyon walda aka kawo mana ƙugiyar jan tirela ta karye. Watan Agusta ne, ruwa ya ƙi ɗaukewa. Ƙarfen mai kauri ne mai tauri, don haka Maigida ya ce in yi da sandar walda mai lamba 7018. Kwalin sandar kuwa ya kai mako biyu a buɗe a kan benci, ni ko a jikina. Na zauna na tsara walda sumul, na kakkaɓe, na goge, ko ɗigon rami babu. Direban ya ce sai jibi zai zo, kuma wannan jinkirin ne ya rufa mini asiri.

Ranar da zai zo, da safe, sai ga tsaga siririya kamar silin gashi a gefen waldar, daidai inda ta haɗu da uwar ƙarfen. Babu wanda ya taɓa ƙugiyar, balle a ce kaya ta ja.

Maigida bai ko kalli hannuna ba. Kwalin ya nufa, ya zaro sanda ɗaya ya nuna mini. "Kai yaro, wa ya ce maka 7018 irin sandar 6013 ta yau da kullum ce? Wannan shan ruwa take kamar gishiri." Na ce, "Maigida, ai a bushe take." Ya ce a ido ba.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Rufin sandar yana zuƙar laima. Da wutar walda ta kama, sai ta fasa ruwan, haidirojin ɗin cikinsa ya narke cikin ƙarfen. Ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa ko bayan ƙarfe ya daskare ya huce yana ci gaba da ratsa shi a hankali, yana taruwa inda ƙarfen ya fi ɗaurewa, wato gefen nan da zafi ya taurara. In ya taru ya isa, sai wurin ya tsage. Tafiyar tana cin lokaci, shi ya sa a manyan ayyuka akan jira awa 48 kafin a duba walda a sa hannu. Masu waldar ƙofa da taga suna tsira daga wannan tsagar ne don ƙarfensu siriri ne mai laushi. Haidirojin sai ya samu tauri da ɗauri yake ɓarna.

Na ɗan samu sanyi da na ji manyan injiniyoyi ma ya taɓa su. A 2013, a sabuwar gadar da ta haɗa San Faransisko da Okland a Amurka, an ɗaure wasu manyan sandunan ƙarfe 96 masu rufin tutiya, cikin 'yan kwanaki 32 suka karye, kuma haidirojin aka kama da laifi.

Muka tone waldar gaba ɗaya. Muka buɗe sabon gwangwanin sanda, muka gasa ƙarfen da wutar gas kafin mu fara, da muka gama muka binne shi cikin busasshen yashi ya huce a hankali. A ƙa'ida, 7018 da aka buɗe a tanda mai zafin digiri 120 na ma'aunin Salshiyas ko fiye take kwana, amma da irin wutar lantarkinmu, ni ƙaramin gwangwani nake saya in ƙarar a ranar. Direban ya yi ta faɗa don mun ƙara masa kwana biyu. Maigida ya miƙa masa tsohon guntun da muka yanke, ya ce ya sa farce a tsagar.