Ƙafa ta iya lissafi, kai ne ake yaudara

Duk inda aka yi fili mai ciyawa aka zagaye shi da hanya mai kyau, ku lura, ba a daɗewa sai wata 'yar siririyar hanya ta ɓullo ta tsakiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu wanda ya zana ta, ƙafafun mutane ne kawai. Kuma cikin masu ratsewar nan har da waɗanda za su rantse maka su da lissafi ko a mafarki. To amma in filin mita 30 ne ta nan, 40 ta can, mai bin gefe zai taka mita 70, mai ratsewa kuma 50. Ƙafa ta san da wannan ragin na mita 20 tun kafin a koya wa kai sunan Pythagoras, masanin tsohuwar Girka da ake kiran wannan lissafin da sunansa.

Magina ma da wannan lissafin suke aiki. In ana son kusurwar gini ta miƙe daidai sai a ja tef, 3 ta wannan gefen, 4 ta wancan, in tsakanin bakin biyun ya ba da 5 to shikenan kusurwa ta zauna. Kuma abin ya girmi shi Pythagoras ɗin nesa ba kusa ba, akwai wani allon yumɓu na mutanen Babila da ake kira Plimpton 322, an rubuta shi wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), irin waɗannan lambobin ne jere a kansa, yanzu haka yana Jami'ar Columbia a Amurka.

Ni wanda na fi so ma shi ne na hadari. Ka ga walƙiya, ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, ka raba da 3, abin da ya fito shi ne nisan wurin a kilomita. Dalili kuwa haske kusan nan take yake iso ka, shi kuma sauti tafiyar kusan mita 343 yake a daƙiƙa. Daƙiƙa 9, kilomita 3 kenan. In ka ji tazarar tana raguwa to yana matsowa, a shige ɗaki.

Duk waɗannan dai lissafi ne da jiki ya saba da shi, tsawo da nisa da ƙari da ragi. Inda kai yake shan ƙasa shi ne wajen ninki, kuma wallahi ba ƙaramin kaye ba.

Ɗauki takarda ta rubutu, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ninka ta biyu, sake ninkawa, haka haka. Ninki 10 ta zama falle 1,024, wajen santimita 10, to wannan kai zai yarda. Ninki 20 ta wuce mita 100. Nan za ka fara cewa anya? Ninki 30 ta haura kilomita 100, wato ta taɓo inda ake cewa sararin samaniya ya fara. Ninki 42 kuwa kusan kilomita 440,000, alhali watan da ke sama gaba ɗaya nisansa daga duniya kilomita 384,400 ne. Na san lissafin, na buga shi a kalkuleta, amma har yanzu in na faɗa sai in ji kamar ƙarya nake zubawa. A aikace fa ba ta ninkuwa haka, takardar littafi daga 6 ko 7 ta ƙi, har aka daɗe ana cewa ba mai iya wuce nan, sai a 2002 wata 'yar sakandare a Kalifoniya, Britney Gallivan, ta samo takarda mai tsawon kusan mita 1,200 ta ninka ta sau 12, ta kuma fitar da ƙa'idar da ke nuna tsawon da ake buƙata ga kowane ninki. Yarinyar nan ta burge ni, maimakon ta tsaya musu sai ta tambayi abin da ke hana takardar.

Ga wani kuma da ya fi wannan rainin hankali. Mutum 10 sun haɗu kowa ya gaisa da kowa, musabaha nawa aka yi? Baki zai yi saurin cewa 10 ko 20. Amsar 45 ce, na farko ya gaisa da 9, na biyu saura 8, haka har ƙasa. In suka zama 23 kuwa musabaha 253. Riƙe wannan lambar.

Yanzu kalli filin ƙwallo, 'yan wasa 22 da alƙalin wasa, mutum 23. Yiwuwar a samu biyu a cikinsu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. Eh, da kwana 365 a shekara. Duk wanda na gaya wa sai ya ce haba dai, kuma ban ga laifinsa ba, don abin da kai yake yi shi ne ya sa kansa a tsakiya, yana tambayar wa ya dace da ranata ni, ya ga mutum 22 kacal ya ce ina. Alhali tambayar ba a kanka take ba, kowane biyu ne ake gwadawa, golan can da ɗan gaban nan, alƙali da mai tsaron baya, gwaji 253 kenan, daidai da musabahar ɗazu. In mutanen suka kai 57 yiwuwar ta kai kashi 99, ku gwada a guruf ɗin WhatsApp mai jama'a ku gani, kowa ya turo rana da wata kawai, ba sai da shekara ba tunda wasu ba sa so a sani.

In kuma ka nace sai dai taka ranar, to nan kam zaton naka bai yi nisa da gaskiya ba, sai ka tara mutum 253 banda kai kafin yiwuwar ta kai rabi.