Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daƙiƙa Tara

Makon jiya mun tsaya a ranar taron iyaye da malamai, daidai lokacin da shugaban makarantarmu ya miƙo mini lasifika ya ce in yi magana kan yaran da ke faɗuwa jarrabawa. Da yawa daga cikinku sun aiko suna tambaya, to me ka ce ne takamaimai? Ga shi nan yadda ya fito daga bakina, ban ƙara ba ban rage ba.

Cewa na yi: "Akwai malaman da in mun keɓe a ofis za ka ji suna cewa, wasu iyayen ba su cancanci Allah ya ba su 'ya'ya ba, haihuwar kawai suka iya. Ni ban yarda da wannan magana ba. Na san uwar da ba ta iya karatu ba, amma kullum sai ta zaunar da ɗanta ya buɗe mata littafinsa, tana bin jan biron malami da yatsa." Na ci gaba har kusan minti 12. Aka yi tafi. Wani dattijo ma ya biyo ni bakin ƙofa, ya kama hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka.

Ashe a layin baya wani yana ɗauka da waya. Abin da ya fita duniya daƙiƙa 9 ne cif, daga "wasu iyayen" zuwa "suka iya". An sare kai, an sare gindi, an bar tsakiya. Har yau ban san ko da gangan aka yanka ba, ko kuwa wurin ne kawai ya yi wa mai ɗaukar daɗi. Na daina tambaya.

Ranar Asabar aka yi taron, na kwana lafiya lau. Da asubahin Lahadi matata ta taɓa ni ta ce, "Abban Hanif, tashi ka duba wayarka, tun ɗazu take kuka ta ƙi yin shiru." Na ɗauka na ji ta da ɗumi kamar an ajiye ta a rana. Mutum 11 daban-daban sun turo mini bidiyo guda a WhatsApp, kowa da tambaya iri ɗaya: "Malam, kai ne?" A ƙasan bidiyon an rubuta da manyan baƙaƙe: KU JI MALAMIN DA KUKA DAMƘA WA 'YA'YANKU.

Ni ne mana. Muryata ce, rigata ce, har da ɗan murmushin da na yi ina kwaikwayon masu maganar, wanda a cikin daƙiƙa 9 ya koma murmushin raini. Da na kalla sau uku, ni kaina sai da na ji haushin mutumin da ke cikin bidiyon.

Kafin azahar ya cika Facebook, ya tsallaka TikTok inda aka ɗora masa kiɗa, samari suna motsa baki da muryata. Aka tono cikakken sunana, da sunan makarantar, da lambar matata. "A kore shi." "Ku yi ta turawa har ya kai ga hukuma." "Allah ya isa tsakaninmu da irin waɗannan malamai." Wani ya rubuto mini a keɓe cewa sun san ajin da ɗana yake. Wannan shi ne saƙon da ya sa na zauna a bakin gado, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Zagin baƙi da sauƙi. Wanda ya fi ci mini rai wani tsohon ɗalibina ne, yaron da na yi shekara guda ina yi masa ƙarin darasi bayan an tashi ba tare da na karɓi komai ba. Kalma huɗu ya rubuta: "Dama haka Malam yake." Abokan aikina kuwa, waɗanda suna zaune a wurin suka ji jawabin daga farko har ƙarshe, kowa ya kama bakinsa. Ɗaya ya turo mini saƙo da dare ya ce, "Malam, wallahi ina tare da kai, amma ka san yanayin." Bayan minti biyu ya sake rubutowa: "Don Allah in ka karanta ka goge."

Na rubuta dogon bayani na saka a shafina. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na waɗanda suka ga bidiyon ba su gan shi ba, waɗanda suka gani kuma suka ce borin kunya nake yi.

Ranar Litinin shugaban makaranta ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba sai da ya gama amsa waya biyu, duk iyaye ne suna barazanar cire 'ya'yansu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mai ɗaukar hoton makaranta ya naɗi taron gaba ɗaya. A saki cikakken bidiyon mana." Ya girgiza kai ya ce sakin sa ƙara wa wuta fetur ne, gara in ba da haƙuri a bar maganar ta mutu. Raina ya ɓaci, na ce ko da ma na faɗi abin da ake cewa na faɗa, ai ina da 'yancin faɗin albarkacin bakina.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, kai kake koyar da tarihi da tsarin mulki a makarantar nan. Gwamnati ce ta kama ka?"

Na rasa ta cewa, domin gaskiya ya faɗa, kuma daga cikin darasina ya ɗauko ta. Kowace shekara nakan rubuta wa ɗalibai sashe na 19 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 a allo, wanda ya yi magana kan 'yancin faɗin albarkacin baki, in nuna musu cewa yarjejeniyar da ta biyo baya a 1966 ta ɗaura wa wannan 'yanci sharaɗi, ciki har da kiyaye mutuncin wasu. Nakan gaya musu cewa ko gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, na 1791, wanda ake yawan tutiya da shi, hannun hukuma ya ɗaure, bai hana maigidanka sallamarka ba, bai hana maƙwabcinka ya daina gaishe ka ba. Masu zagina ma albarkacin bakinsu suke faɗi. Babu ɗan sanda a ƙofata, babu sammaci. Amma a kotu aƙalla alƙali yakan ce, "Wanda ake ƙara, me za ka ce?" A nan an yanke hukunci tun ina barci.

Na ba da haƙurin. Kuskure ne babba. Nan take aka ce, to da bai yi ba, me yake ba da haƙuri a kai? Da yamma takardar dakatarwa ta iso.

Darare biyun nan ban runtsa ba, sai na koma karanta labaran waɗanda aka taɓa yi wa rubdugu irin nawa, kamar mara lafiya mai leƙa gadon maƙwabcinsa. Akwai wata 'yar Amurka da a watan Disamba na 2013 ta rubuta wata mummunar raha a Twitter kan cutar ƙanjamau da launin fata, kafin ta shiga jirgi daga Landan zuwa Afirka ta Kudu. Mabiyanta 170 ne kacal. A cikin awa 11 da ta yi a sama wayarta a kashe, duniya ta taru tana jiran saukarta, har wani ya je filin jirgin ya ɗauki hotonta. Ta rasa aikinta. Ita kam ta rubuta abin da ta rubuta, ba yanka mata aka yi ba. Duk da haka na daɗe ina tunanin lokacin da ta kunna wayar nan.

Sai kuma na tuna da wani darasi da ɗalibaina ke so. A birnin Atina na tsohuwar Girka, sau ɗaya a shekara jama'a na iya taruwa, kowa ya karce sunan wanda yake so a kora a jikin katanga, wato fasasshiyar tukunya. Wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari. Ana ba da labarin Aristides, wani jigon birnin, wanda aka kora wajajen shekara ta 482 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa wani da bai iya rubutu ba ya miƙa masa katangar, bai san shi ba ne, ya ce ya rubuta masa "Aristides". Ya tambaye shi me mutumin ya yi masa. Ya ce ba komai, ko saninsa bai yi ba, kawai ya gaji da jin ana kiran sa adali. Yara kan yi dariya a nan. A daren nan ni ban yi ba, abin da na lura da shi daban ne: mutanen Atina sun yanka wa korar wa'adi, shekara 10, kuma ba a taɓa dukiyarka, in ka cika ka dawo gidanka. Intanet ba ta san wa'adi ba. A Turai sai da babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2014 kafin mutum ya samu damar neman Google ya cire wasu tsofaffin bayanai daga sakamakon binciken sunansa. Ni yau in ka rubuta sunana, bidiyon ne ke fara yi maka sallama.

Kada wani ya ɗauka cewa nake yi kowane taron dangi zalunci ne. Sau da yawa talaka ba shi da wata kotu sai wayarsa. Da wata yarinya 'yar shekara 17 ba ta tsaya ta ɗauki bidiyon kisan George Floyd, wani baƙar fata a Amurka, a watan Mayu na 2020 ba, da wuya a ce ɗan sandan da ya kashe shi ya samu ɗaurin shekara 22 da rabi. Sai dai ita ta riƙe wayarta ne har ƙarshe, duniya ta ga gwiwar ɗan sanda a kan wuyan mutum na tsawon mintuna, ba a sare komai ba. A watan Yuli na shekarar, marubuta da malaman jami'a sama da 150, ciki har da shahararren masanin nan Noam Chomsky, suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar Harper's ta Amurka suna kukan cewa an fara toshe bakin muhawara. Aka mayar musu da martani cewa ku manya me kuka rasa, ga ku nan kuna magana duniya na ji? A ganina kowane ɓangare na da rabin gaskiya. Babban mutum in an yi masa ca, yana da lauya da masoya, bayan wata guda ya dawo. Wanda ake binnewa da rai shi ne ƙaramin ma'aikaci irina, wanda albashin wata ɗaya ne tsakaninsa da bashi.

Ranar Talata Yaya ta zo, babbar yayarmu wadda ta goye ni. Ita ba ta iya rarrashi ba. Ta zauna ta saurari labarin duka, ta karɓi wayar ta kalli bidiyon, ta miƙo mini.

"An zalunce ka, ƙanena," ta ce. "Amma ina malamar asibitin nan?"

"Wace malama, Yaya?"

"Kar ka raina mini hankali."

Waɗanda suka karanta kashi na 6 sun san ta, sai dai a can rabin labarin na ba ku, yau zan cike. Shekara biyu kafin nan, lokacin da shafina ke tashe, wani ya turo mini gajeren bidiyon wata ma'aikaciyar jinya tana daka wa ɗan'uwan majinyaci tsawa tana nuna masa ƙofa. Ban tambayi me ya faru kafin a kunna kyamara ba. Sau uku na sauya rubutun da zan ɗora a kai, ina neman wanda ya fi zafi, har na tsaya a kan: "Wannan ce za ta riƙe ran mahaifiyarka?" Na yi ta sabunta shafin ina kallon lamba tana hawa, ina jin daɗi kamar wanda ya ci gasa. Aka dakatar da ita. Bayan mako guda na samu labari daga majiya mai tushe cewa mutumin ya mari ƙaramar abokiyar aikinta ne kafin a fara ɗauka. Na goge rubutun a ɓoye cikin dare. Ban gyara ba, ban nemi afuwa ba, mabiyan da na samu a kanta kuma na riƙe abina.

"Laifi tudu ne," in ji Yaya, ta bar karin maganar a nan ba ta ƙarasa ba. Ta yafa mayafinta, ta leƙa ta yi wa matata sallama ta tafi.

A daren nan matata ta ce in ba ta wayar ta ɓoye. Na ce bari in duba abu ɗaya. Na shiga akwatin saƙonnin Facebook, ɓangaren waɗanda ba abokanka ba, inda ban cika leƙawa ba. Zagi ne jere, ina wucewa da yatsa ba tare da na buɗe ba, har na zo kan wani suna da ban sani ba, babu hoto. Layin farko ne ya tsayar da ni.

"Barka da dare, Malam. Na ga kai ma ka shigo gari. Ba zagi na zo yi ba. Shekara biyu da wata huɗu ke nan ina jiran amsar saƙon da ke saman wannan."

Na ja sama. Akwai wani saƙon, dogo, an turo shi washegarin ranar da na saka bidiyonta, ƙarfe 2:14 na dare. Ban taɓa buɗe shi ba.

Ta ba ni izinin in kawo muku shi yadda yake, in ban da sunaye. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.