Kuɗin ga-ruwa

Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san halin da muke shiga game da ruwa. Famfo kan kwana uku bai ɗiga ba, in ya zo ma sai tsakar dare. A irin wannan lokaci rayuwar unguwarmu tana hannun wani dattijo ga-ruwa da ke fitowa daga Kara-Kara, yana tura kurarsa cike da jarkoki tun kafin a kira assalatu.

Ranar wata Laraba na iske shi a ƙofar gidan maƙwabcinmu, ya tsuguna, hularsa a hannu. Wata uku yana kai ruwa gidan, kuɗinsa ya taru jika 18, kullum sai a ce masa gobe. Ran nan yaro aka aiko ya ce wai Alhaji yana barci. Dattijon bai yi faɗa ba, ya dai miƙe ya ɗaga kai sama ya ce: "Allah na nan." Ni kuwa na wuce kasuwar Dole abina, na ce ba ruwana.

Kalmar nan ta dattijon ta hana ni barci. Na tuna lokacin da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, cikin wasiyyar da ya yi masa har da cewa ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Akwai kuma hadisin da ke cikin Buhari, inda Allah da kansa ya ce zai zama abokin husumar mutum uku ranar ƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, aka cika masa aiki, ya hana lada. Mun karanta wannan tun muna makarantar allo da ta dare. Amma in an ce zalunci, hankalinmu sai ya tafi kan masu mulki da manyan ƙasashe, mu manta da mai wanki, da ƴar aiki, da ɗan kabu-kabu da muke rage wa kuɗi don mun san ba shi da inda zai kai ƙara.

Abin da ya fi damuna shiruna ne. An ce mana mu taimaki ɗan'uwanmu ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, taimakon azzalumi kuwa shi ne a hana shi. Ashe mutum biyu na yasar a rana ɗaya, dattijon da maƙwabcina.

Bayan magariba na tari Alhaji a ƙofar masallaci, gabana na faɗuwa, don ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ce: "Alhaji, a gafarce ni, maganar Baba mai ruwa ce. Ina ji mana tsoron bakinsa." Ya ɓata rai, ya ce wa ya sa ni. Ban ja ba, na dai maimaita masa abin da tsohon ya faɗa da yadda ya ɗaga kai. Ya yi shiru, muka rabu.

Ranar Juma'a ya biya jika 10, saura 8. Na gaya wa Baba cewa ƙarshen wata tare za mu koma, ni zan yi sallama.