Kwana da yini a Yawunde, muna jiran jirgin Ngaundere

Kafin azahar muka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Yawunde, ni da mahaifiyata. Daga Duwala muka taso, inda ta yi wata biyu wajen ƙanwata da ta haihu, ni kuma na je in rako ta gida Garwa. A lissafina za mu ɗan zauna a tasha, da maraice mu hau jirgin dare mai zuwa Ngaundere, gari na wayewa mu shiga motar Garwa. Na manta farkon watan Satumba ne, yara na komawa makaranta, kowa yana hanya. Da na isa tagar tikiti aka ce gadajen yau sun ƙare, sai kujera.

Tsakanin Yawunde da Ngaundere ya haura kilomita 600, dare guda cur ake yi, ga Inna da ciwon gwiwa. Ba zan iya zaunar da ita a kujera har wayewar gari ba. Na sayi tikitin gobe a ɗaki mai gado huɗu, na roƙi a ba ta gadon ƙasa. Ke nan akwai kusan awa 30 a gabanmu, ga jakunkuna biyar, har da buhun tsarabar da ƙanwata ta haɗa mata.

Muna da ɗan uwa a can bayan gari, na ce mu kira shi. Inna ta ce a'a, ba a faɗa wa mai iyali haka kwatsam, ba sanarwa, a gidan haya. Sai maganar otal ta taso, kuma a zuciyata sharaɗi ɗaya kawai na riƙe: ya zama kusa da tasha.

Wani ɗan dako ya nuna min wani bene da yatsa, ya ce ga shi can, ko tasi ba ma buƙata. Gaskiya ya faɗa, daga bakin tasha ana hango ginin. Amma Yawunde gari ne na tuddai, tashar kuwa a kwari take, kusa da rafin Mfundi. Abin da ido ya nuna min tafiyar minti goma, sai da muka yi fiye da rabin awa muna hawa. Sau uku Inna na tsayawa ta dafa katangar mutane tana mai da numfashi. Da muka isa na riga na gaji, ita ma ta gaji, ban da wani buri illa in ga ta zauna. Na miƙa katin shaida, na cika takarda, na biya kuɗin kwana ban ga ɗaki ba. Bayan kuɗi sun shiga aljihun tebur ne aka ce ɗakin yana hawa na uku, kuma matakala ce kawai.

Har yau ina ganin hawan nan a idona. Hannunta ɗaya a kan ƙarfen bene, ɗaya a kafaɗata, kowane taki sai ta ce bismillahi. Da muka shiga na murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Babu buta, babu bokiti. Na sauka na sayo ruwan gora, da shi ta yi alwalar azahar da la'asar, tana tsiyayawa kaɗan-kaɗan a tafin hannu kada ya ƙare. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, bari in nemo wani wurin." Ta ce, "Zauna, ɗan nan. Kwana ɗaya ne, ai ba aure muka zo yi da ɗakin ba. Ni dai ba zan sake sauka wannan bene yau ba."

Da rana wurin tsit yake, shi ya sa ban lura da ƙofar da ke rufe a ƙasan ginin ba. Bayan isha aka buɗe ta, ashe mashaya ce. Kiɗa ya dinga dukan bango har wajen ƙarfe uku na dare, ana hawa ana sauka a matakala, ana buga ƙofofi. Inna ta shimfiɗa mayafinta a kan matashin kai don ba ta yarda da rigarsa ba, ta jingina da bango tana jan carbi. Ba ta ce min komai ba, kuma shirun nata ya fi min ciwo a kan faɗa.

Da safe wata sabuwa ta ɓullo. Ƙarfe goma sha biyu na rana ake sakin ɗaki, jirginmu kuma sai maraice. Na nemi a bar mu zuwa la'asar in ƙara wani abu, aka ce sai dai in biya kwana cikakke. A nan na gane inda na yi babban kuskure, wanda ya fi na bene da na famfo. Na yi cinikin dare, alhali mai jiran jirgin dare yini ne matsalarsa. Awannin da ke tsakanin sha biyun rana da tashin jirgi su ne ba su da mai su: an kore ka daga ɗaki, tasha kuma ba wurin kwanciyar tsohuwa ba ce.

Na bar ta ta ɗan rintsa, na tari tasi ni kaɗai zuwa Briqueterie, unguwar da ake taƙaita wa Brik. Tun a jiya ya kamata in tuna da ita. Tsohuwar unguwar Hausawa ce a tsakiyar Yawunde, ga masallatai, ga shagunan atamfa da shadda, ga teloli jere, ga hayaƙin tsire tun daga bakin titi. Na tsaya wajen wani dattijon tela na gaishe shi, na faɗa masa halin da nake ciki. Bai ɗago daga kan kekensa ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin, sannan ya ce, "Da tsohuwa kake tafe ka kai ta bene? Subhanallahi." Ya kira yaronsa ya ce ya raka ni wani masauki da fataken arewa ke sauka.

Wannan karon ban ciro ko sisi ba sai da na shiga ɗakin da ƙafata. A ƙasa yake, taki biyu daga tsakar gida. Na murɗa famfo na bar shi yana zuba har na tabbatar, na ga kuma akwai randar roba cike a gefe da buta biyu. Na ɗaga zanin gado na duba katifa, na gwada sakatar ƙofa daga ciki, na sa cajar waya na ga ta kama. Na fita na zagaya bayan ginin in ga me ke maƙwabtaka da shi: shagon ɗinki ne da wani mai shayi. Sannan na zauna da mai wurin na ce masa ba kwana nake so ba, yini nake so, daga yanzu zuwa biyar na yamma. Muka daidaita a kan rabin kuɗin kwana, na ce ya rubuta lokacin a jikin rasit. Ya yi murmushi ya rubuta. Ya ce masu jiran jirgin Ngaundere sun saba yi masa haka.

A Yawunde tasi ta haɗaka ce, ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, in direba ya yarda ya danna oda ka shiga. Mai kaya da tsohuwa ba zai iya wannan ba, sai ya ɗauki shata. Na yi ciniki da wani direba ya ɗauko mu daga otal ɗin farko, kuma ya dawo da yamma ya kai mu tasha. Na karɓi lambarsa, na kuma duba agogo a hanya don in san tsawon tafiyar da kaina, ba da faɗar wani ba. Ko minti 15 ba mu yi ba. Masaukin da ba a hango shi daga tasha ya fi wancan kusa da ita, in da gwiwar Inna za a auna.

Ta yi wanka da ruwan zafi da matar mai gidan ta ɗora mata, ta ci tuwo da miyar kuka da aka sayo a maƙwabta, ta kwanta. Barcin da ta yi daga azahar zuwa la'asar ban taɓa jin daɗin barcin wani kamarsa ba. Ni kuma na yi salla a masallacin unguwa, na sayo burodi da tsire da ruwa na guzuri.

Ban ce kowa ya guji otal ɗin bakin tasha ba. Da ni kaɗai ne da 'yar jakata, kuma jirgin na asuba ne, zan iya toshe kunne in kwana a wancan benen, don samun mota da duhun asuba a garin da ba naka ba shi ma wahala ce. Amma tun daga ranar, tambayata ta farko a kowane masauki ita ce ƙarfe nawa ake sakin ɗaki, ta biyu a wane hawa yake, kuma duk inda na ga ƙofa a rufe da rana a ƙasan gini sai na tambayi me ake yi a ciki da dare.

Wajen huɗu da rabi hadari ya haɗo. Mai masaukin ya ce kada mu jira biyar, don in ruwa ya sauka da ƙarfi tsakiyar gari kan cika, motoci su tsaya cak. Na kira direban, Allah ya sa yana kusa. Muna sauke jaka ta ƙarshe a ƙarƙashin rumfar tasha ruwan ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Mun yi zaman jira fiye da yadda na so, amma a inuwa, kayanmu a bushe, tikiti a aljihu.

Da aka buɗe ƙofa na riƙe hannunta har cikin tarago, na tura jakunkuna ƙarƙashin gado, na shimfiɗa mata mayafinta a kan matashi. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ce in mun isa gida in tuna mata ta sa telan nan a addu'a. Jirgi ya ja a hankali, fitilun tuddan Yawunde suna wucewa ta taga cikin ruwan sama, na hau gadon sama na bar ta tana jan carbi.